Yatsu Uku da Rabi

Ni na fara gani. Kafin likita, kafin manaja, kafin matar nan mai tausa ta bayan kemis, kai, kafin ita kanta mai hannun ta yarda akwai abin da ke damunta, ni Baba Mai Gadi na riga na gani daga kan bencina. Ban taɓa zama a aji ba, sunana ma da dangwale nake sa shi, amma shekara arba'in da biyu ina karɓar katin ma'aikata a ƙofar kamfanin kujeru, safe da yamma, hannu ɗari biyu kullum. Wanda ya karanci hannu haka, me takarda za ta gaya masa? Gobarar da ta cinye tsohon sito ina ciki, da ƙafata na fito. Injin yanka soso ya ɗauke min yatsu biyu, na naɗe wurin da hulata na ƙarasa aikin ranar. Manajoji huɗu na raka makabarta. To amma ba labarina zan ba ku ba, labarin Allura ne.

Allura muke ce mata don saurin ɗinkinta. Aikinta ɗaura maɓallan kushin: ta soka basilla ta cikin soso mai kaurin taƙi guda, ta jawo zare mai kakin zuma, ta ja har maɓallin ya nutse, ta ƙulle. Kujera ɗaya maɓalli arba'in, kujera takwas a yini. Shekararta arba'in da shida, kuma teburin da take aiki a kai, na kusa da taga mai fasasshen gilashi, shi ne teburin uwarta. Uwar tana yankan fata a zamaninta, muna ce mata Almakashi. Da Allura ta haifi 'yarta ta ƙarshe na ce to ga Zare ta iso, aiki ya cika. Sunan ya bi yarinyar har ta girma, yanzu shekararta ashirin da uku, tana sayar da waya a wani shago a tsallaken gari.

Wata safiya Allura ta miƙo katinta, katin ya zame ya faɗi tsakaninmu. Ta sunkuya ta ɗauka, ya sake faɗuwa. Ba katin na kalla ba, gindin babban yatsanta na kalla, wannan tudun naman da ke tafin kowane mutum. Nata ya fara lotsawa kaɗan, kamar kushin da aka daɗe ana zama gefe guda.

"Baba, kai ma dai, ba ka iya riƙe abu ba," in ji ta, tana dariya. "Yatsu takwas ɗin ma sun gaji ne?"

"Takwas ɗina sun fi goman wasu," na ce mata. Ta wuce tana yarfa hannu kamar wadda ta taɓa tukunya mai zafi.

Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya ta zauna a bencina ta faɗa min, shi ne abin da ke faruwa da ita kowace asuba. Kafin ta buɗe ido sai ta ji an riƙe mata hannun dama. Babban yatsa, manuni, na tsakiya, da rabin wanda ke bi masa, duk a dunƙule cikin wani riƙo mai sanyi, mai nauyi, wanda ba ya saki. Takan kwanta shiru, fuskarta a bango, tana jin motar shara tana wucewa a layi, ba ta motsi don kada a sake ta. Ta san riƙon. Shekara ashirin da suka wuce, da asuba irin wannan, uwarta ta kama waɗannan yatsun a gadon asibiti, kuma ba ta saki ba sai da ma'aikaciyar jinya ta zo ta ɓamɓare hannun, yatsa bayan yatsa.

Almakashi mace ce mai tauri. Ba ta runguma, ba ta yabo, in ka yi daidai sai ta ce "to," in ka yi kuskure unguwa ta ji. Da hannunta ya fara mutuwa, sai Allura, tana matashiya lokacin, ta ɗauki al'adar zama kusa da ita in sun dawo aiki da yamma. Ta shafa mata mai a wuyan hannu, daidai layin da ke tsakanin tafi da sangali, inda uwar ke nuna wa, ta sa babban yatsa ta danna da iya ƙarfinta, tana murzawa. Almakashi ta rufe ido, hawaye na bin gefen hancinta.

"Inna, da zafi?"

"Daɗi ne. Ci gaba."

Shekara uku suna haka. Wannan rabin awa ita ce kaɗai lokacin da Allura ta taɓa jin ɗumin jikin uwarta tun da aka yaye ta. Sai ranar da almakashi ya suɓuce daga hannun tsohuwar ya tsaga fata guda mai tsada daga kai har gindi. Manajan lokacin ya sallame ta. Ta zauna a gida shekara biyu, hannun a kan cinyarta a buɗe, gindin babban yatsan ya zama rami, ko cokali ba ta iya ɗauka. Ba ciwon hannu ne ya kashe ta ba, amma ku tambaye ni, tun ranar da ta ajiye min katinta a ƙofar nan ta fara tafiya.

To yanzu ga Allura a teburin nan, maɓallanta sun fara kwancewa. An dawo da kujeru uku daga wani otal, maɓallai na reto kamar haƙoran tsoho. Manaja ya kira ta ofis. Shi wannan ba mugu ba ne, amma shi ma akwai masu tambayarsa. Ya ce mata ta je a duba hannun, ya ba ta wata ɗaya. In aka sake dawo da kujera, teburin zai koma hannun wani.

Likita ya duba, ya ce jijiya ce ta matse a wuyan hannu. Ya ba ta wani abin ɗauri mai ƙarfe a ciki, wanda ke hana wuyan hannu lanƙwasa in mutum na barci. Ya ce tun da abin bai yi nisa ba a gwada wannan da tausa da hutu, in bai yi ba sai tiyata. Ya tura ta wurin mai tausa.

Ɗakin mai tausa ƙarami ne, a bayan kemis, ana bi ta wani lungu mai warin magani. Gado siriri, kujera biyu, labule mai ruwan toka, da hoton hannun mutum a bango wanda aka zana ba fata, igiyoyi farare da jajaye duk a fili. Allura ta ƙi kallon hoton. Mai tausar doguwa ce, mai furfura a goshi, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta juya hannun Allura a kan ƙaramin matashi, ta ƙwanƙwasa wuyan hannun da yatsa ɗaya. Allura ta zabura kamar ta taɓa wayar wuta.

"Ina ya tafi?"

"Nan, da nan, da nan. Da rabin wannan."

"Ƙaramin fa?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Haka yake. Wannan ciwon ba ruwansa da ƙaramin yatsa, shi hanyarsa daban ce." Ta ɗiga mai a tafinta, ta murza har ya yi ɗumi. "Kin ga kwalbatin da ke ƙarƙashin titi? Akwai irinsa a wuyan hannunki, ɗan mitsitsi. Igiyoyin da ke jan yatsunki ta ciki suke bi, jijiyar ji ma ta ciki. Kin yi shekaru kina jan zare, igiyoyin sun kumbura, sun matse ta da bango."

Sai ta fara daga can sama, kusa da gwiwar hannu, tana bin tsokar sangali a hankali da tafin babban yatsa, tana tsayawa inda ta ji ƙulli, tana jira har ya saki. Ta sauko tafin hannu ta buɗe shi kamar mai buɗe littafi, ta ja yatsun ɗaya bayan ɗaya. Wuyan hannun kuwa tsallake shi take yi, sai dai ta shafa sama-sama.

"Baiwar Allah, ba can ba ne," in ji Allura. "Nan ne ciwon. Nan za ki danna."

"Na san nan ne. Shi ya sa ba zan danna ba." Ta ɗaga hannun zuwa haske. "Wa ke danna miki nan? Ga shi har ya yi ja."

"'Yata ce. Da yamma, in ta dawo shago."

"Allah ya yi mata albarka, amma ki ce ta daina. Kamar mutum ne ƙofa ta matse masa ƙafa, ki zo taimako ki jingina da ƙofar."

Allura ta kau da kai. Ta ji fankar silin tana juyawa, ta ji mai kemis yana ƙirga ƙwayoyi a ledar wani. Sai ta ce, ba ta kalli matar ba, "In aka yi shekara uku ana dannawa fa? Kullum. Da ƙarfi."

Mai tausar ta dakata. Ba wawiya ba ce. "Aiki ne ke fara shi, ba mai dannawa ba," in ji ta a hankali. "Amma ba zan yi miki ƙarya in ce ya taimaka ba. Kuma abu ne mai zafi, zafin da ba a ɓoye wa kai. Mai hannun dai ta sani."

Allura ta janye hannunta, man bai ko bushe ba. Ta yi godiya, ta fita ta lungun, ta wuce tashar mota ba ta tsaya ba, ta taka har gida.

A daren ta ɗaura abin da likita ya ba ta. Da asuba ta farka, hannun yana nan kwance a miƙe, da ɗan sauƙi, ba wanda ya riƙe shi. Ta jira. Motar shara ta wuce. Ba kowa. Ta ce min ko ranar da aka fita da gawar Inna ɗakin bai yi mata faɗi haka ba. Ta kwance abin ɗaurin ta cusa shi ƙarƙashin katifa, kuma ba ta koma wurin mai tausa ba. Washegari riƙon ya dawo, ya ma fi na da ƙarfi, ta kwanta a cikinsa tana cewa a ranta, riƙe, Inna, ni na jawo.

Da yamma kuwa Zare na zuwa da kwalbar mai. Yarinya ce marar yawan magana, ta dawo ta shige ɗaki da wayarta, in an tambaye ta ya shago ta ce lafiya, shi ke nan. Amma tun da ta ga uwarta na yarfa hannu, sai ta riƙa jawo tabarma kusa da kujerarta, ta ajiye wayar a kife, ta ɗora hannun a gwiwarta. A nan ne take ba da labarin masu zuwa sayen waya, da matar mai shago, da wani mai gyaran fanka da ke yawan wucewa ba fanka a hannunsa. Allura ba ta taɓa jin dariyar 'yarta kusa haka ba.

Yammacin nan Zare ta sa babban yatsa daidai layin, ta danna. Zafin ya tashi kamar an soka basilla daga wuyan hannu har ƙarshen yatsu. Allura ta rufe ido, ta ji hawaye na bin gefen hancinta.

"Umma, da zafi?"

"Daɗi ne. Ci gaba."

Maganar ta fita kafin ta san ta buɗe baki, kuma ba da muryarta ta fita ba. Muryar ta fi tata kauri, da 'yar shaƙewar nan ta mai yawan shaƙar ƙurar fata. Tsigar jikinta ta tashi. Ta buɗe ido ta duba bayanta, ba komai sai labulen ƙofa yana motsi. Zare ba ta lura ba, tana ta murzawa tana labarin mai gyaran fanka.

Kwana goma sha biyu aka yi haka. Ina kallon ramin nan yana ƙara zurfi kowace safiya. Ranar ta goma sha uku katin ya faɗi sau uku, na sa ƙafa na taka shi.

"Baba, zan makara."

"Ki makara. Zauna nan."

"Yau kuma wa'azi za a yi? Ko labarin gobara ne? Mun ji shi sau ɗari."

"Zauna, 'yar nan."

Ta zauna. Sai da na matsa mata ta faɗa min abin da mai tausa ta ce da yadda ta taka har gida, sannan na gaya mata abin da na riƙe shekara ashirin da 'yan kai. A kan bencin nan, a gefen da take zaune, uwarta ta taɓa nuna min wuyan hannunta ya yi ja, ta ce, "Mai Gadi, yarinyar nan ƙarasa min hannu take yi, ta ɗauka gyara ne." Na ce to ki hana ta mana. Ta ce, "In na hana ta, da me zan sake kiranta ta zauna kusa da ni? Ni ban iya ba. Ba a koya min ba." Ta sa na rantse ba zan faɗa ba, ni kuwa na riƙe rantsuwa, ina kallo har hannun ya mutu.

"Na yi shiru a kan uwarki," na ce mata. "Gobara ba ta hana ni barci ba, injin nan bai hana ni ba, wannan shirun ya hana ni. Ba zan yi biyu ba. Ke za ki rasa teburi, wannan ɗaya. Na biyu, nan da shekara ashirin wata mai tausa za ta yi wa Zare bayanin ƙofa da ƙafa. Kina so ta taka har gida kamar yadda kika taka?"

Na ɗaga ƙafata. Ta ɗauki katin da hannun hagu ta ba ni, ta shiga.

Da yamma Zare ta jawo tabarma, ta kife waya, ta shafa mai. Tana ɗora yatsa a kan layin, Allura ta ji kalmomin nan sun taso har maƙogwaro, a shirye, da muryar da ba tata ba. Ta datse haƙora ta haɗiye su. Ta sa hannun hagu ta kama babban yatsan 'yarta, ta ɗaga shi, ta kai shi can sama kusa da gwiwar hannu.

"Nan. A hankali. Can ɗin da zafi."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Zare ta saki hannun. "Umma! Wata biyu ina azabtar da ke kina ce min daɗi? Ni mahaukaciya ce? Me ya hana ki magana?"

"Na ji tsoro ki koma ɗaki."

Yarinyar ta kalle ta kamar yau ta fara ganinta. Sai ta ja tsaki, idonta ya cika. "Ke dai wallahi. Ɗakin nan zafi gare shi kamar tanda, wa ke son sa? Kawo hannun. Nuna min."

A nan Allura ta ba ta labarin kakarta, duka, har da fatar da aka tsaga, har da asubar asibiti. Ranar hutu suka tafi bayan kemis tare. Mai tausar ba ta tambayi inda Allura ta shiga ba, sai ta jawo kujera ta biyu, ta ɗora hannun Zare a ƙarƙashin nata tana koya mata: daga sama, bi tsoka, tsaya a ƙulli, jira, buɗe tafi, tsallake kwalbati. Zare ta ciro abin ɗaurin daga ƙarƙashin katifa, ita ke ɗaura wa uwarta shi kafin barci, tana cewa in ta ga an kwance sai ta sa kwaɗo. Manaja ya yarda Allura ta riƙa kujera biyar maimakon takwas, sauran lokacin tana duba ɗinkin sababbi, kuma kowace awa ta ajiye basilla ta miƙe yatsu.

Riƙon bai tafi rana ɗaya ba. Ɓamɓarewa ya yi, kamar yadda ma'aikaciyar jinya ta yi. Rabin yatsan nan ya fara dawowa. Bayan sati biyu na tsakiya. Manuni ya daɗe. Babban yatsa shi ne ƙarshe, kuma har yau bai dawo duka ba, ramin bai cike ba, likita ya ce a ci gaba da lura. Amma wata ya cika ba a dawo da kujera ko ɗaya ba, teburin taga yana hannunta. Kowace asuba da wani yatsa ya kuɓuta takan ce, "Sai haƙuri, Inna," ta juya ta yi kukanta a matashi. Har aka zo asubar da ba abin da ya rage. Ta tashi ta yi shirin aiki, hannunta sakayau, zuciyarta kamar gidan da aka kwashe kaya.

Titin da ke gaban ƙofarmu babba ne, manyan motoci ba sa tsayawa. Ina zaune na hango ta a tsallake, ta sauka daga mota, tana jiran hanya. Ta ɗaga ƙafa za ta taka kwalta sai ta tsaya cak. Hannunta na dama ya ɗan tashi daga jikinta, ƙaramin yatsan ya miƙe gefe, ya lanƙwashe, kamar an saƙala wani yatsa a cikinsa. Wata tirela ta wuce da gudu. Sannan ta tsallako, hannun a haka, tana tafiya rabin taki a baya kamar mai bin wani.

Ta iso fuskarta ba jini. "Baba, ƙaramin ne. Mai tausa ta ce ciwon ba ya taɓa ƙaramin."

"Da zafi?"

"A'a. Ɗumi."

Ta koma wurin mai tausa, matar ta ƙwanƙwasa gwiwar hannu, ta lanƙwasa, ta ja, ba ta sami komai ba. Likita ma haka. Ni ban yi mamaki ba, don ni kaɗai na rage a kamfanin nan da ya ga Almakashi tana kawo yarinya 'yar shekara biyar ranar da ba mai zama da ita a gida. Matar da ba ta runguma, ba ta goyo in an fita, ba ta ko riƙe tafin hannu. Da ƙaramin yatsa take saƙalo ta, ta tsallako da ita titin nan, tana iso ƙofa ta saki kamar ba ita ba. Allura ba ta tuna ba. Ni na tuna.

Ba kullum yake zuwa ba, kuma a titin nan kaɗai, daga wancan gefe zuwa wannan. Tana taka ƙofa yatsan ya koma wurinsa, ta miƙo min kati, kuma katin ba ya faɗuwa.

Na san akwai masu takarda da za su ce tsoho ya fara ruɗewa. To bencina yana nan, ba ya gudu. Wanda ya isa ya zo ƙarfe bakwai saura kwata, ya zauna a gefen hagu, ya zuba ido a hannunta na dama in ta sauka daga mota. In ya yi sati guda bai ga yatsan nan ya tashi ba, ga sauran takwas ɗina, ya zaɓi wanda yake so in kai wa injin soso da kaina.